Tawadar Baba Tsoho da Talibambam na Shanghai

Ina ɗan shekara 13 kakana ya kira ni zaure, ya ce in zauna zai nuna mini yadda ake haɗa tawada. Mu jikokinsa Baba Tsoho muke ce masa. Ya shimfiɗa buzunsa, ga kurtu, ga ƙaro a ɗan ƙoƙo, ga wuƙar feƙe alƙalami. A waje kuwa abokaina sun riga sun kafa duwatsun raga, ina jin ihunsu. Na ce, "Baba Tsoho, yanzu fa akwai biro a kowane shago." Ya yi dariya ya ce, "To aboki, je ka, ƙwallo na jiranka." Na tashi da gudu. Bai sake kirana a kan maganar ba, ni ma ban sake tunawa da ita ba sai bana, bayan shekara 7. Abin da ya tuna mini kuwa wani tsohon katun ne na ƙasar Sin.

Yanzu ina aji biyu a jami'a, ina karatun kimiyyar kwamfuta, kuma tun ina sakandare nake son zane mai motsi. Da wayata nake yi, da wata manhaja ta kyauta. Abin da na fi ƙauna a cikinta shi ne maɓallin nan da ke mayar da kai baya idan ka yi kuskure. Nakan ja layi ɗaya sau talatin, ina gogewa, har sai ya fita yadda nake so. Wani dare a ɗakin kwanan ɗalibai abokina ya turo mini wani fim na minti 15, ya ce in kalla in gaya masa da wace manhaja aka yi shi. Da na buɗe sai na ga kamar hoton ya koɗe. Babu launuka masu ɗaukar ido, babu baƙin layin da muka saba gani ya zagaye kowane abu a katun. Na kusa rufewa. Sai ga wasu talibambam sun shigo suna kaɗa jela. Na tsayar da hoton na ƙura ido. Kowane ɗayansu ɗigon tawada ne kawai da aka ja masa wutsiya, gefensa ya ɗan jiƙe ya bazu kamar yadda tawada ke yi idan ta faɗa a takarda mai shan ruwa. Amma suna iyo.

Sunan fim ɗin da Sinanci Xiao Kedou Zhao Mama, wato 'yan talibambam na neman uwarsu. An yi shi a 1960 a masana'antar katun ta birnin Shanghai, wadda aka kafa a 1957. A lokacin babu manhaja, babu kwamfutar zane. Labarin mai sauƙi ne. Talibambam sun ƙyanƙyashe ba su ga uwarsu ba, suka shiga tambaya. Jatan lande ya ce musu tana da manyan idanu, sai suka bi wani kifi mai manyan idanu. Aka ce farin ciki gare ta, suka bi ƙaguwa. Aka ce ƙafa huɗu gare ta, suka bi kififiya. Sai daga ƙarshe suka gamu da kwaɗo. Fim ɗin ya ci lambar yabo a bikin fina-finai na Locarno da ke ƙasar Suwizalan a 1961. Ni dai abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne tambaya ɗaya: ta yaya aka sa ɗigon tawada ya yi tafiya ba tare da ya canza kama ba?

Kafin in fahimci amsar sai da na koma na karanta yadda Sinawa ke zanen tawada tun asali. Suna kiransa shuimo, kalma biyu ce a haɗe, ruwa da tawada. Kayan aikin guda huɗu ne: buroshi na gashin dabba, sandar tawada, dutsen niƙa ta, da takarda. Sandar tawadar daga baƙin hayaƙi ake yin ta, na itacen da aka ƙona ko na mai, a kwaɓa da danƙon da aka dafa daga fatar dabba, a busar. Idan za a yi zane sai a ɗiga ruwa a kan dutsen a riƙa goga sandar har ruwan ya yi baƙi. Takardar da suka fi so ita ce xuan, wadda ake yi a gundumar Jing ta lardin Anhui daga ɓawon wata bishiya da karan shinkafa. Tana shan ruwa nan take. Duk abin da buroshi ya sauke a kanta ya zauna ke nan, babu gogewa, babu gyara.

Masu wannan zane suna cewa tawada ɗaya launi biyar gare ta. Abin nufi, daga baƙi ƙirin har zuwa toka-toka mai kama da hazo, duk daga kwano ɗaya suke fitowa, yawan ruwan ne ke bambanta su. Suna kuma barin wani ɓangare na takardar fari fat da gangan. Wurin da aka bari ɗin shi ne kogi, shi ne sama, shi ne hazo. Wanda aka kwaikwayi zanensa a fim ɗin talibambam shi ne Qi Baishi, wanda aka haifa a 1864. Kafinta ne da fari kafin ya zama mai zane, kuma ya yi suna a zanen jatan lande. Shekaru ya yi yana kallon su a ruwa yana rage abin da yake zanawa, har ya zama da 'yan shafe-shafen buroshi kaɗan yake fitar da dabbar, jikinta garai-garai kamar ana hango ruwa ta cikinsa. Ya rasu a 1957, bai ga ranar da jatan landensa suka motsa ba.

Ga inda matsalar take. Fim yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa. Minti 15 daƙiƙa 900 ke nan, wato hoto 21,600. Ko da an bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ana bukatar zane fiye da 10,000. A katun na gargajiya ana zana abu da baƙin layi a kan wata leda mai kauri da ake hango abin da ke bayanta, a cike cikin layin da fenti, a ɗora a kan hoton bango, a ɗauka da kyamara. Layin ne ke riƙe siffar daga wannan hoto zuwa na gaba. Zanen tawada kuwa ba shi da layi, kuma leda ba ta shan ruwa, balle tawada ta bazu a kanta. Idan kuma aka ce a zana kowane hoto a takarda, to tawada ba ta taɓa bazuwa iri ɗaya sau biyu. Da an jera hotunan sai ka ga abin yana ta ƙyafta kamar fitilar da batirinta ya kusa ƙarewa.

Ma'aikatan Shanghai, ƙarƙashin jagorancin Te Wei, sun warware wannan da dabarar da ta haɗa mai zane da mai kyamara. Hoton bango zanen tawada ne na gaskiya a takarda, sau ɗaya ake yin sa. Abin da zai motsa kuwa, sai a rarraba shi gwargwadon duhunsa. A ce ɓauna ce: wurin da ya fi baƙi a jikinta yana kan leda ɗaya, mai matsakaicin duhu yana kan wata, mai haske yana kan wata. Mai kyamara zai ɗauki kowace leda dabam, yana maimaita ɗauka a kan fim ɗaya, yana sassauta kaifin hoton wasu domin gefensu ya yi laushi. Idan suka haɗu, ido zai rantse cewa tawada ce ta jiƙa takarda. Masana'antar ta daɗe tana ɓoye cikakken bayanin yadda ake yi. Aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, domin duk hoto ɗaya da ka gani, ledoji da dama ne da ɗauka da dama.

A 1963 suka fitar da na biyu, Mu Di, wato sarewar makiyayi. Ɓaunar da ke ciki daga zanen Li Keran aka ɗauko ta. Yaro ne ya yi barci a kan bishiya, ya yi mafarkin ɓaunarsa ta ɓace, ya yanki gora ya yi sarewa ya busa har ta dawo. Babu magana ko ɗaya a fim ɗin. Akwai wurin da ɓaunar ke cikin kogi, ana ganin kanta da gadon bayanta kawai, sauran duk farar takarda ce. Ba a zana ruwa ba, amma za ka ga ruwa. Bayan nan sai aka shiga shekarun Juyin Juya Halin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976. Aka ajiye irin waɗannan fina-finai, aka tsare Te Wei, aka tura shi aikin ƙarfi a ƙauye. Sai 1982 aka sake yin wani, Lu Ling, labarin wata yarinya da ɗan barewa. Sannan a 1988 aka yi Shan Shui Qing, wanda mutane da yawa ke ganin shi ne ƙololuwar wannan fasaha.

Da na dawo gida hutu, na ƙudura sai na gwada. Na fara da manhajata. Akwai wani buroshi a ciki da aka ce na tawada ne, amma duk shafar da na yi iri ɗaya take fitowa, kamar an buga da hatimi. Na fasa biro na zuba a ruwa, abin ya ƙi narkewa, ya ɓata mini riga. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kai da kake da mai tawada a zaure, kake ta wahala?"

Gaskiya kunya ce ta hana ni zuwa tun farko. Baba Tsoho ya tsufa. Hannunsa na dama yana rawa, ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Ya fi shekara 40 yana rubutu da alƙalamin kara, mutane na zuwa daga nesa don ya yi wa allon saukar 'ya'yansu zayyana. Yanzu kurtunsa ya bushe a kan taga. Cikin jikokinsa fiye da ashirin babu wanda ya zauna ya koya, kuma ni ne wanda ya taɓa kira.

Bayan la'asar na kai masa magani, na zauna a gefen buzun, na ce, "Baba Tsoho, ga wani abu ka gani." Na kunna masa Shan Shui Qing. Fim ne na kimanin minti 20, shi ma babu magana. Wani dattijo makaɗi ne ya faɗi rashin lafiya a bakin kogi, wani yaro mai kwalekwale ya kai shi bukkarsa ya yi jinyarsa. Da ya warke sai ya koya wa yaron kaɗa guqin, wani abin kiɗa mai tsirkiya bakwai da ake kwantarwa a kaɗa da yatsu. Suka yi kaka da hunturu tare. Daga ƙarshe dattijon ya miƙa wa yaron abin kiɗan, ya juya ya shige cikin duwatsu da hazo. Yaron ya zauna a kan dutse yana kaɗa masa na rakiya.

Ina ta satar kallon fuskarsa, ina tsoron kada ya gane dalilin da ya sa na zaɓi wannan. Bai ce komai a kan labarin ba. Da aka zo wurin da duwatsu ke fitowa daga hazo sai ya ce in tsayar. Ya matso da wayar kusa da idonsa, ya ce, "Wannan mutumin ya san ruwa." Na ce me ke nan? Ya ce, "Kowa ya iya baƙi, aboki. Ruwan ne ba kowa ba. Dubi nan, ya san lokacin da takardar ta sha rabi, sannan ya sauke. Da ya yi gaggawa da ya cakuɗe, da ya jira da ya bushe." Na gaya masa yadda Sinawa ke yin tasu tawadar, baƙin hayaƙi da danƙo. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ai tamu ce. Su danƙon fata, mu ƙaro." Sannan ya ƙara da cewa shi dai alƙalaminsa na harafi ne da zayyana, bai taɓa zana abu mai rai ba, kuma ba zai fara da tsufa ba. Amma in tawada nake so, in zo gobe da hantsi, in taho da ƙaro daga kasuwa.

Kwana uku muka yi. Shi yana faɗa, ni ina yi, saboda hannunsa ba ya bari. Na kankare baƙin gindin tukunya, na niƙa gawayi har ya yi laushi kamar kwalli, na jiƙa ƙaro ya kwana, na tace da tsumma. Ta farko ƙaro ya yi mata yawa, ta bushe tana ƙyalli tana tsagewa. Ta biyu ya yi kaɗan, da na shafa yatsa sai rubutun ya biyo ni. Na ɗauko littafi na ce ya gaya mini cokali nawa ake sawa. Ya ce shi bai taɓa aunawa ba. Ya ɗiga kaɗan a kan farcen babban yatsansa, ya karkata hannun, ya ce in duba yadda take gangarowa. In ta zube da sauri ruwa ne, in ta tsaya cak danƙo ne, ana so ta yi tafiyar mai jin nauyin jiki. Shekara 40 na aiki, ga shi a kan farce ɗaya, kuma babu inda aka rubuta shi.

Da tawada ta samu, na yanke shawarar yin hadari yana taruwa a kan dutse, daƙiƙa uku kacal. A hoto 12 kowace daƙiƙa, takarda 36 ke nan. Na sayi buroshin fenti na 'yan makaranta, na jera littattafai biyu-biyu na ɗora waya a kai tana kallon ƙasa. A takarda ta huɗu hannuna ya zame, na kai yatsa gefe ina neman maɓallin komawa baya. Babu. Baba Tsoho ya yi dariya har da tari. Na ɗauki sabuwa zan sake, ya ce in bari, in ci gaba da wadda ta ɓaci in ga inda za ta kai ni. Wannan tabon da na so jefarwa shi ne ya zama gefen gajimaren da ya fi kyau a cikin duka.

Da na haɗa hotunan 36 na kunna, sai ga abin da na karanta ya faru a gabana. Dutsen yana ta rawa, yau duhu gobe haske, saboda babu takarda biyu da suka sha ruwa daidai. Gani ya kori ji. Sai na bi hanyar mutanen Shanghai gwargwadon ƙarfina. Na zana dutsen sau ɗaya. Na zana gajimare uku a takardu dabam, mai haske da matsakaici da baƙi. Na ɗauki hotonsu, na ɗora su kan juna a manhaja, ina matsar da kowanne kaɗan-kaɗan, baƙin yana tafiya a hankali, mai hasken yana ɗan sauri. A karo na biyu dutsen ya tsaya, hadarin ya taso. Duk wanda ke da waya da takarda da tawadar allo zai iya gwada wannan. Ku fara da kofi uku: tawada zalla, tawada da ruwa daidai, da ruwa mai ɗan ɗigon tawada. Ku jiƙa takardar kaɗan kafin ku sauke, kuma ku bar wani wuri fari.

Bayan 1988 masana'antar Shanghai ba ta sake yin wani babban fim da waccan tsohuwar dabara ba. Kuɗin da lokacin da take ci sun yi yawa, kasuwa kuma ta koma son katun na talabijin da ake yi da sauri. Te Wei ya rasu a 2010 yana da shekara 94. Yau matasan Sin suna ƙoƙarin dawo da kamannin tawada da kwamfuta. Fim ɗin Shen Hai na 2023 ya yi amfani da ɗimbin ƙananan ɗigo da kwamfuta ke sarrafawa don su bazu kamar tawada a ruwa. Na kalle shi, ya burge ni, kuma irin aikin da nake fatan yi ke nan wata rana. Amma na lura da abu ɗaya: ba za ka iya koya wa kwamfuta yadda tawada ke tafiya ba sai kai ka taɓa zama ka ga tana tafiya. Su suna da zanen Qi Baishi da fina-finan Te Wei da za su koma su duba. Ni abin da nake da shi yana zaune a zaurenmu, hannunsa na rawa.

Na nuna wa Baba Tsoho hadarina na daƙiƙa uku. Ya kalla sau biyar. Ya ce gajimaren ya yi, amma dutsen ya sha baƙi da yawa, kamar ina tsoron farar takarda. A raina na sa ran zai yi irin ta dattijon fim, ya ɗauko kurtun nan ya miƙa mini. Bai yi ba. Da na kai hannu zan taɓa, sai ya ce, "Ajiye, aboki. Wanda bai iya feƙe alƙalami ba me zai yi da kurtu?" Gaskiyarsa ce. Tawada kawai na koya, ita ma rabi. Zayyanar da ke kansa, da yadda yake raba fili a allo ba tare da abin awo ba, ban ko fara ba, kuma na san da na zauna tun ina ɗan shekara 13 da hannunsa ne zai nuna mini, ba bakinsa kaɗai ba. Wannan shekara bakwai ɗin babu maɓallin da zai dawo mini da su.

Ƙannena, ku duba gidajenku. Wata kakar ta iya saƙar faifai, wani kawun ya iya rini ko ɗinkin hula, kuma wataƙila sun taɓa kiranku sau ɗaya kuka ce kuna zuwa. Irinsu ba su cika kira sau biyu ba. Ni dai na koma makaranta da tawada a tsohuwar kwalbar magani, na naɗe ta da leda a cikin jaka. Hutu mai zuwa saura wata uku. Baba Tsoho ya ce in taho da karan gamba masu kauri da wuƙa mai kaifi, kuma in bar wayar a ɗaki.